Diddigena yana ciwo: maigida ya ce raki ne, mahaifiyarsa ta ce sammu ne

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a wata makarantar firamare mai zaman kanta a nan Kaduna, shekaruna 44, 'ya'yana biyar, kuma mu biyu ne a wurin maigidanmu, ni ce uwargida. Yau wata 7 ke nan ina fama da ciwo a ƙarƙashin diddigen ƙafata ta dama. Idan na tashi da asuba zan je alwala, sai na dafa bango kafin in iya taka ƙasa. Da na ɗan zazzaga sai ya lafa, in tafi makaranta kamar ba ni ba, amma idan na dawo na zauna na huta, miƙewa ta zama aiki. Maigida yana ganin raki ne, tunda da rana yana ganina ina tafiya daidai, har ya taɓa cewa ciwon ba ya tashi sai ranar girkina. Mahaifiyarsa kuwa cewa ta yi wani abu aka binne mini na taka, ta kawo rubutu da hayaƙi, yanzu kuma tana so a kira wanzami ya yi mini tsaga a wurin. Tun da ta faɗi haka zuciyata ta fara zargin abokiyar zamana, alhali shekara 6 muna tare ba wanda ya taɓa jin kanmu. Mai kemis na unguwarmu yana haɗa mini ƙwayoyi, ya kuma yi mini allura sau biyu, ciwon ya kwanta kwana kaɗan ya dawo. Na je na yi hoton ƙafar, wanda ya ɗauka ya nuna mini wani ɗan tsinin ƙashi a diddigen, ya ce sai an yi tiyata an cire shi. Shugaban makarantarmu kuma ya fara yi mini magana a kan yawan zama a cikin aji. Ina tsoron tiyata, ina tsoron rasa aikina, kuma ban san maganar wa zan kama ba. Don Allah a ba ni shawara.

Malama H., Rigasa

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da jiki, Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne. Mutum ya shafe wata 7 yana fara kowace rana da dafa bango ba ƙaramin abu ba ne, balle a ce duk wanda ke kusa da shi ya raɗa wa ciwon sunan da ya ga dama, ba wanda ya zauna ya saurari yadda mai jikin take ji. Na gaskata ki, kuma bayanin da kika yi ya fito sarai, har ya sauƙaƙa mini amsa.

Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne, yadda ciwon nan yake zuwa ya tafi, wanda ya jefa maigida cikin shakka ya kuma sa Hajiya, mahaifiyarsa, tunanin hannun mutum, shi ne babbar alamar da likita yake gane wannan larura da ita. Ciwo a ƙarƙashin diddige, wanda ya ɗan karkata ta gefen ciki, mai tsanani a takun farko na safiya, mai lafawa bayan 'yan mintuna na tafiya, sannan ya dawo bayan doguwar tsayuwa ko bayan an zauna an miƙe, siffar ciwon tantanin tafin ƙafa ke nan, wanda za ki ji ma'aikatan asibiti suna kira filanta fashiyaitis. Sanannen ciwo ne ƙwarai, har ana ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 10 zai gamu da shi a rayuwarsa, kuma ya fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60.

A ƙarƙashin tafin ƙafar kowa akwai wani tantani mai kauri da ƙarfi, wanda ya taso daga ƙashin diddige ya bazu har gindin yatsu biyar. Ki ɗauki ƙasusuwan ƙafa a matsayin baka, shi kuma tantanin nan tsarkiyarsa ce. Shi ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa, kuma duk takun da kika yi, nauyin jikinki yana neman ya miƙar da bakan, tsarkiyar ce ke ɗaukar jan. Idan jan ya yi yawa yau da gobe, ba a samu hutun da jiki zai gyara kansa ba, sai wurin da tantanin ya manne da ƙashin diddige ya fara samun ƙananan yagewa, ya yi kauri, ya yi tsami. Da dare kuwa, mai barci ƙafarsa takan saki, yatsu su sunkuya, tantanin ya takure ya kwana a haka, don haka takun farko na asuba yake fizgarsa lokaci guda. Idan kika ɗan taka ya ɗumama ya saki, zafin ya ragu. Idan kika wuni a tsaye gaban allo a kan siminti ya gaji, idan kika zauna ya sake takurewa. Wannan ne ya sa ya fi yawa a tsakanin malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan kasuwa masu wuni a tsaye, sojoji da 'yan sanda, da masu wasan gudu. Ƙarin nauyin jiki, ɗaurewar naman sha-raɓa da agara, shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa ko mai zurfin lanƙwasa, da silifas mai siririn ƙasa, duk suna ƙara masa ƙarfi.

Duk da haka wasiƙa ba ta maye gurbin hannun likita, saboda haka matakin farko shi ne ki je asibiti a duba ƙafar. Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada ba shi da nisa da ku, ga kuma Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari. Galibi da hannu ake tabbatar da ciwon nan: likita zai danna wurin da tantanin ya haɗu da ƙashi, ya lanƙwasa yatsun sama, ya duba ko sha-raɓarki a ɗaure take. Ki nemi a tura ki wurin masu gashin ƙashi na asibiti, wato masu jinya ta hanyar motsa gaɓoɓi, domin su ne ainihin masu wannan aiki, kuma ki roƙa a auna miki sukari da hawan jini tunda an riga an je. Ki tafi da hoton da kika yi, da ragowar ƙwayoyin kemis, da takalmin da kike zuwa makaranta da shi, domin yadda ƙasansa ya cinye yana nuna yadda kike taka ƙasa. Akwai kuma alamomin da idan kin ga ɗaya daga cikinsu ba a jira: ƙafar ta kumbura ta yi ja da zafi ko zazzaɓi ya biyo baya, ko ta riƙa dindiris da jin kamar ana tsira mata allura, ko wani miki ya fito, ko ciwon ya riƙa tayar da ke daga barci alhali ba ki taka ba, ko ki ji wani abu ya tsinke farat ɗaya ki kasa taka ƙafar. Waɗannan suna iya nuna wata larura dabam, kamar tsagewar ƙashi, matsewar jijiya, ko illar ciwon sukari.

Maganar tsinin ƙashi kuwa, ki kwantar da hankalinki. Mutane da yawa suna da wannan tsini a diddigensu, suna yawo da shi shekara da shekaru ba su taɓa jin ciwo ba, sai idan an yi hoto don wani dalili a gan shi. Wasu kuma suna fama da irin ciwonki, a yi hoto ba a ga komai ba. Masu warkewa suna warkewa tsinin yana nan inda yake. Ɗaukar hoto aiki ne mai muhimmanci, amma yanke hukuncin tiyata na likitan ƙashi ne, kuma ba ya kai wa nan sai an yi wata 6 zuwa 12 ana bin magani na gaskiya bai yi ba, abin da ke faruwa ga mutane ƙalilan. Ke kuwa, a gaskiya, ba ki fara maganin ba tukuna, kashe zafi kawai ake yi miki.

Wannan ya kawo mu ga mai kemis. Ban ɗauke shi mugu ba, shi ne mafi kusa da ku, ya ga kina ɗingishi ya ba ki abin da yake da shi. Sai dai ƙwayoyin da ake ɓarewa a haɗa a ƙulla a leda ba suna ba awo, sau da yawa sukan ƙunshi magungunan kashe zafi irin su diklofenak da ibufurofen, wani lokaci har da sitiroyid, wato maganin kumburi mai ƙarfi, ko tiramadol. Shan irin waɗannan wata da watanni yana iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya tayar da hawan jini da sukari, tiramadol kuma yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi. Ki daina karɓar haɗin da ba ki san abin da ke ciki ba, ki tambaye shi cikin mutunci ya rubuta miki sunayen abin da ya riƙa ba ki da allurar da ya yi miki, ki kai wa likita. Wannan yana da amfani musamman idan akwai sitiroyid a ciki kuma kin daɗe kina sha kullum, domin shi ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali likita yake rage shi. Idan zafi ya matsa, farasitamol ko maganin shafawa ya fi sauƙin illa, sauran kuma sai da izinin likita, na 'yan kwanaki kawai.

Maganin gaskiya yawancinsa a hannunki yake, kuma ba ya cin kuɗi. Na farko shi ne miƙar da tantanin kafin ki ɗora masa nauyi. Idan kin farka da asuba kada ki taka ƙasa. Ki zauna a bakin gado, ki ɗora ƙafar dama a kan gwiwar hagu, ki kama yatsun duka da hannun dama, ki ja su baya zuwa wajen ƙauri har ki ji tafin ya miƙe. Idan kika shafa shi da ɗaya hannun za ki ji tantanin a ɗame. Ki riƙe daƙiƙa 10, ki saki, ki maimaita sau 10. A yi haka sau 3 a rana, misali kafin alwalar asuba, da lokacin da yara suka fita tara, da kuma kafin kwanciya, sannan duk lokacin da kika daɗe a zaune ki ɗan yi shi kafin ki miƙe. Likitocin ƙashi na Jami'ar Rocesta da ke Amurka sun gwada wannan motsa ƙafa a kan mutanen da suka haura wata 10 da ciwon, suka buga sakamakon a 2003, inda aka ga cewa bayan mako 8 masu yin sa sun fi samun sauƙin takun farko a kan waɗanda ke miƙar da agara kawai.

Ita ma sha-raɓa tana bukatar nata, domin idan a ɗaure take tana jan diddige sama, tantanin ya ƙara wahala. Ki fuskanci bango ki dafa shi da hannu biyu, ki mayar da ƙafar dama baya, gwiwa a miƙe, diddige a manne da ƙasa, ki karkata gaba har ki ji jan a bayan ƙafar. Ki tsaya daƙiƙa 30, sau 3, sannan ki sake yi da gwiwar a ɗan lanƙwashe. Ranar da kika gaji, ki zauna ki miƙe ƙafar, ki rataya ɗankwali ko tawul a ƙasan yatsu ki jawo zuwa gare ki. Bayan mako biyu ko uku, idan zafin ya fara sassautawa, sai ki ƙara da ƙarfafa ƙafar. Ki tsaya a bakin dakali ko matakala, diddige a waje, ki naɗe ƙaramin tawul ki sa a ƙarƙashin yatsu don su ɗaga, ki riƙe wani abu saboda faɗuwa. Ki ɗaga diddige a hankali cikin daƙiƙa 3, ki tsaya 2, ki sauko cikin 3. Ki fara da ƙafa biyu, daga baya ki koma ɗaya, sau 12 a zagaye 3, rana ɗaya ki yi rana ɗaya ki huta. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Denmak aka buga a 2015 ya nuna masu wannan sun fi saurin samun sauƙi a wata 3 na farko, ko da yake zuwa shekara guda su da masu miƙarwa kawai sun zo daidai. Ɗan tsami yayin yi ba laifi ba ne, amma idan washegari kika tashi ciwon ya fi na jiya sosai, to kin wuce gona da iri, ki rage. Ya fi kyau mai gashin ƙashi ya nuna miki da hannu karo na farko.

Zan daɗe kaɗan a kan takalmi, domin a nan mata da yawa suke rushe abin da suka gina. Al'adarmu ce a tuɓe takalmi a bakin ƙofa, kuma gidajen yanzu siminti ne ko tayil, don haka mace takan wuni tana kai da kawowa tsakanin ɗaki da madafa ƙafa ba komai, ko da silifas ɗin wanka wanda ƙasansa ya cinye. A halin da kike ciki wannan yana ƙara ciwon. Ki ware takalmi mai tsabta, mai kaurin ƙasa da laushi, wanda ba ya fita waje, ki ajiye shi a gindin gado, ya zama shi ne abin da ƙafarki za ta fara taɓawa da safe. Na makaranta kuma ya zama sau-ciki ko kambas, wanda bayansa ke riƙe diddige da ƙarfi, ƙasansa ta baya ya ɗan fi na gaba tudu kaɗan. Idan za ki saya ki kama shi ki lanƙwasa: mai kyau a wajen yatsu yake lanƙwashewa, wanda ya naɗe daga tsakiya ko ya murɗe a hannunki ba zai tallafi ƙafarki ba. Ba lallai sai sabo mai tsada ba, a wurin masu gwanjo a Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Gumi ana samun masu ƙwari, sai dai ki juya ƙasansa ki tabbata bai cinye ta gefe ɗaya ba. Akwai kuma 'yar matashiyar diddige ta roba mai laushi da ake sayarwa a manyan shagunan magani, wadda ake sawa cikin takalmi, ki sa a ƙafafun biyu don kada tafiyarki ta karkace. Takalmi mai tsini da fale-falen takalman biki, a ajiye su sai an warke.

Da yamma idan kin dawo, ki sami gorar ruwa mai ƙanƙara, ki naɗe ta da ƙyalle, ki riƙa mirgina ta a ƙarƙashin tafin ƙafar kina zaune, minti 10 zuwa 15. Idan ba wuta, ƙanƙarar da ake sayarwa a unguwa ta isa. Ruwan ɗumi yana da daɗi kuma ba ya cutarwa, amma a guji gashi da ruwa mai ƙuna. Game da nauyin jiki, ban san naki ba, sai dai idan ya ƙaru bayan haihuwa kamar yadda yake faruwa ga yawancinmu, rage lemon kwalba da sukarin shayi da yawan tuwon dare yana rage wa diddige kaya a kowane taku. Kada ki daina tafiya gaba ɗaya, ki dai rarraba ta, kuma na wani lokaci ki shiga Keke Napep a inda da kike takawa mai nisa.

Yanzu ga maigida. Maganarsa ta yi miki zafi, kuma bai kamata ya faɗe ta haka ba, amma ki lura cewa abin da idonsa ya gani gaskiya ne, fassarar ce ya kuskure. Ranar girkinki ita ce ranar da kika fi tsayuwa: ga aji tun safe, ga madafa, ga shara da wanke-wanke da hidimar gida duka, saboda haka dole daren nan da safiyar da ke biye su fi tsanani. Yana yiwuwa kuma a ransa yana jin kamar janye jiki kike yi daga gare shi, namiji kuwa ba kasafai yake faɗin irin wannan kai tsaye ba, sai ya fito da shi ta hanyar gatse. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ba lokacin da ciwon ya tashi ba, ki ce masa, "Maigida, na samu bayanin abin da ke damuna, ina so ka raka ni asibiti ka ji daga bakin likita." Gani ya kori ji, kuma abin da likita ya faɗa a gabansa zai zauna masa fiye da duk rantsuwar da za ki yi. Sannan ki nemi abubuwa takamaimai waɗanda zai iya yi ya ga ya yi: kuɗin takalmi, kuɗin zuwa gashin ƙashi, da umurtar manyan yara su karɓi ɗaukar ruwa da shara da wanki. Kula da lafiyarki haƙƙinki ne a kansa, ki nema ba tare da jin kunya ba.

Hajiya kuwa, matar da ta tashi ta nemo rubutu ta kawo wa surukarta ba maƙiyiya ba ce. Ta ga ciwo mai zuwa ya tafi, ba kumburi ba miki, ta fassara shi da abin da ta taso ta sani. Ki gode mata, ki roƙe ta ta ci gaba da sa ki a addu'a, domin addu'a da asibiti ba sa karo. Amma tsaga kam ina roƙon ki kada ki yarda. Matsalar tana can ciki, ƙarƙashin fata da kitsen diddige, inda aska ba ta kaiwa. Abin da za a bari kawai shi ne rauni a wurin da ke taka ƙasa kullum, mai jinkirin warkewa, mai saurin ɗaukar ƙazanta, ga haɗarin ciwon sarƙewar haƙora, ga na ciwon hanta idan askar ta taɓa wasu, ga tabon da shi kansa yana iya zama sabon ciwo. Idan kuma ashe akwai sukari a jiki ba a sani ba, ƙaramin yanka a ƙafa yana iya zama babbar musiba. Ba ke ce za ki yi jayayya da ita ba, ɗanta ne zai je ya ce mata likita ya hana a taɓa wurin da ƙarfe, an kuma ba da magani na wata uku, a bari a ga yadda hali zai yi. Wannan ma wani dalili ne na tafiya da shi asibiti.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne zargin da ya fara shiga tsakaninki da amaryarki. Da bakinki kika ce shekara 6 ba wanda ya ji kanku, kuma irin wannan zama dukiya ce da gidaje da yawa suke nema ba su samu ba. Ba ki ga komai ba, ba ki ji komai ba, magana ce aka faɗa a lokacin da kike cikin ciwo da gajiya, sai ta sami wurin zama. Ciwon nan yana kama maza, yana kama matan da ba su da abokiyar zama, kuma duk dalilansa suna nan a aikinki da shekarunki da abin da kike takawa. Allah Ya gargaɗe mu a Suratul Hujurati cewa sashen zato zunubi ne. Ina kyautata zaton ita ma ta lura fuskarki ta canza, kuma idan maganar binne-binne ta kai kunnenta, raunin da za ta ji zai fi na diddige wuyar warkewa. Ki faɗa mata abin da likita ya ce, ki nemi taimakonta kamar yadda ake nema a wurin 'yar'uwa. Kuna iya yin musaya na 'yan watanni, ta kama miki ayyukan tsaye, ke kuma ki karɓi na zaune, irin su tsintar shinkafa da wake, gyaran ganye, kitson yara, da zama da 'ya'yanta a kan aikin gida na makaranta, wanda dama fanninki ne.

Shugaban makaranta shi ma yana da nasa uzurin, iyaye suna biyan kuɗi, shi kuma yana ganin malamar da ke zaune kamar ba ta koyarwa. Kada ki jira ya sake yi miki magana. Ki je ofishinsa da takardar likita da kuma tsarin da kika shirya: doguwar kujera kusa da allo yadda za ki ga kowa kowa ya gan ki, tsayuwa da zama bi da bi duk bayan minti 15 ko 20, yara su riƙa kawo littattafansu teburinki, a musanya miki tsayuwar taron safe da tsaron ƙofa da wani aikin zaune kamar duba jarrabawa, a kuma ba ki izinin sa kambas. Ki sanar da shi cewa abu ne na 'yan watanni. Shugaba ya fi saurin amincewa idan aka zo masa da mafita a hannu.

A wajen salla, ki shimfiɗa darduma mai kauri ko ki ninka biyu. Idan tsayuwa ta gagara, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba da sauƙin yin salla a zaune ga wanda ba zai iya tsayuwa ba, dogayen nafilfili kuma dama ana iya yin su a zaune.

Ki shirya wa haƙuri, domin tantanin nan jinkirin warkewa gare shi. Yawanci sai an yi mako 6 zuwa 8 ana yi kullum kafin a ga canji na sosai, amma kusan mutum 9 cikin 10 suna warkewa cikin shekara guda ba tare da tiyata ba. Ki fara ƙirga daga ranar da kika fara motsa ƙafar da canza takalmi. Kowace Juma'a ki rubuta a littafi yadda zafin takun farko yake, daga 0 zuwa 10, domin sauƙin yana zuwa a hankali yadda mai jiki ba ya lura, kuma za a sami makon da zai koma baya, musamman bayan biki ko doguwar tafiya. Idan an cika wata 3 lambar ba ta sauka ba, ki koma asibiti da littafin. Akwai sauran matakai: ɗaure tafin ƙafa da filasta ta musamman, shimfiɗar cikin takalmi da aka auna da ƙafarki, takalmin dare mai riƙe ƙafa a miƙe lokacin barci, da jinya da na'ura mai bugun wurin da igiyar sauti a inda ake da ita. Akwai kuma allurar sitiroyid a diddigen kansa, wadda likita ne kawai ke yin ta, sauƙinta na kimanin wata guda ne, kuma ba a yawaita ta domin tana iya tsinka tantanin ko ta cinye kitsen diddige. Idan har ta kai ga neman ƙwararren likitan ƙashi, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Bayan kin warke ma ki ci gaba da miƙar da sha-raɓa sau biyu ko uku a mako, kuma ki sauya takalmin makaranta da zarar ƙasansa ya fara cinyewa. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya daidaita tsakaninku.